Tudora Da Jikar Da Ta Ƙi Zuwa Gidan Yari

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye na kudancin Romaniya, sunanta Tudora. Mace ce mai taurin kai da kaifin baki. Ko a ƙofar coci ta fara magana, sai sauran mata su ja bakinsu su yi shiru. Ɗanta ɗaya tilo a duniya, Dorel, kuma a idonta bai taɓa yin laifi ba tun ranar da ta haife shi.

Dorel yana gidan yari. Shekara bakwai aka yanke masa, saboda ya lakaɗa wa matarsa Otilia duka har ya karya mata muƙamuƙi, kunnenta na hagu ya daina ji. 'Yarsu Ilinca, mai shekara takwas, tana ɓoye a ƙarƙashin teburin cin abinci, komai a kan idonta aka yi.

Duk ƙauyen sun san haka. Amma in ka tambayi Tudora, cewa take, "Matar ce ta jawo. Da ta iya bakinta, da yarona yana gida."

Da Otilia ta fito daga asibiti, ta ɗauki 'yarta suka koma wani gari, ba ta faɗa wa kowa inda suke ba. Cikin gaggawar tafiya suka bar ɗan karen Ilinca, mai suna Pufi, a tsakar gidan Tudora.

Tudora ta nemo wa ɗanta lauya, aka shiga kotu. Alƙali ya ce uba uba ne ko yana tsare, yana da haƙƙin ganin 'yarsa. Aka tsara cewa duk Asabar ɗin farkon wata Otilia za ta kawo yarinyar ofishin kula da yara, Tudora ta karɓe ta a can, ta kai ta wurin uban, ta dawo da ita kafin yamma.

Tudora ta naɗe takardar hukuncin a leda ta sa a jaka. Babu maƙwabciyar da ba ta nuna wa ba.

Asabar ɗin farko, Ilinca ta ƙanƙame ƙofar ofishin da hannu biyu. Ma'aikaciyar wurin, wata mata mai suna Viorica, ta durƙusa tana lallashinta. Tudora ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, don Allah, ba na son zuwa."

"Wa ya tambaye ki abin da kike so? Alƙali ne ya ce. Wuce mu tafi."

A bas yarinyar ta yi amai a jikin rigarta. Tudora ta goge mata baki da ƙarfi, ta ce in ta kuskura ta yi wa ubanta kuka, za ta gamu da ita a hanyar dawowa.

Ɗakin ziyara gilashi ne a tsakani, kowane ɓangare da kan tarho ɗaya. Tudora takan fara gaisawa da ɗanta, ta ba shi labarin gona da kaji, sannan ta manna wa Ilinca tarhon a kunne. Daga nan ba ta jin abin da yake faɗa. Fuskarsa kawai take gani, yana murmushi, yana magana a hankali. Sai zuciyarta ta yi fari. Ta ce a ranta, ina ma masu zaginsa su zo su ga yadda yake son 'yarsa.

A ziyara ta uku Ilinca ta yi fitsari a kan kujerar. Tudora ta mintsine ta a cinya har wurin ya yi shuɗi.

"Ƙatuwa da ke, kin ba mu kunya a gaban mutane."

Da ta ga yarinyar tana ƙara turjewa, sai ta samo dabara. A hanyar dawowa ta buɗe wayarta ta nuna mata hoton Pufi.

"Kin gan shi? Kullum yana bakin ƙofa yana jiranki. Don ke nake ciyar da shi. Ranar da kika daina zuwa wurin ubanki, ban ga amfanin kare ba. Kogi ma ba nisa."

Tun daga ranar Ilinca ba ta sake riƙe ƙofa ba. Takan fito da kanta ta bi kakarta. Ta rame, ta cinye farcenta har suna jini. Viorica ta sha tambayarta ko akwai abin da ke damunta, sai ta girgiza kai. An yi fiye da shekara a haka.

Wata Asabar cikin sanyi, Ilinca ta iso ofishin ta zauna a ƙasa. Ta kasa tashi. Tudora ta kama hannunta za ta ja, Viorica ta shiga tsakani.

"Mama, ba za a ja yarinya a ƙasa a gabana ba. Yau ba za ta je ba."

Tudora ta zaro takardarta tana kaɗa mata a fuska. Viorica ta ce ta san abin da ke ciki, kuma za ta rubuta wa kotu abin da ta gani.

Tudora ita kaɗai ta tafi gidan yarin ranar. Da Dorel ya ga kujerar babu kowa, murmushin ya ɓace.

"Mama, yarinya 'yar ficiciya ta fi ƙarfinki? Ki nuna mata ba wasa muke yi ba."

Washegari bayan an taso daga coci, Tudora ta kira Pufi. Ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya. Ta cire masa abin wuyansa, ta tura shi cikin buhun masara, ta haɗa da bulo biyu ta ɗaure bakin. Daga kan gada ta sake shi cikin kogi. Ta dawo gida ta ɗora miyar wake.

Da wata ya zagayo, ta shiga ofishin ta ajiye abin wuyan a kan tebur a gaban jikarta.

"Ga abin da taurin kanki ya jawo. Yanzu sai ki tashi mu tafi."

Ta zaci yarinyar za ta fashe da kuka ta bi ta. Ilinca ta ɗauki abin wuyan ta daɗe tana kallonsa. Ko hawaye ɗaya ba ta yi ba. Ta juya wurin Viorica.

"Anti, kin ce in na cika shekara goma alƙali zai saurare ni. Na cika tun makon jiya."

Alƙaliyar da aka ba shari'ar ta shiga da Ilinca ofishinta, ba uwa ba kaka. Sun fi awa ɗaya. Da suka fito, ta karanta abin da yarinyar ta faɗa.

Duk ziyara, da murmushin nan a fuskarsa, Dorel yakan tambayi sunan makarantarta da sunan layinsu. Yakan tambaya ko uwarta har yanzu da gefe ɗaya take tauna abinci. Sannan ya ƙirga mata watannin da suka rage masa, ya ce, "Ki gaya mata ta kula min da ɗaya kunnen, ina nan zuwa."

Tudora ta miƙe tsaye. "Ƙarya ne. Uwarta ce ta kitsa mata."

Alƙaliyar ta dube ta ta saman tabarau. "Karen fa? Shi ma uwarta ce ta jefa a kogi?"

Tudora ta koma ta zauna. A ranar aka soke ziyarar.

Dorel ya so ya yi amfani da zuwan 'yarsa a matsayin shaidar cewa ya shiryu, don a sake shi kafin lokaci. Da maganar kotu ta shiga takardunsa, aka hana. Sai da ya cika shekarunsa bakwai cif. Duk da haka Tudora ba ta fasa kai masa cuku da burodi ba, ba ta kuma fasa cewa sharri aka yi masa ba.

Da ya fito, gidanta ya dawo. Ba aiki, sai shan barasa. Ya nemi inda Otilia take bai samu ba, kuma kullum yakan tuna wa uwarsa cewa ita ta ɓata masa shiri.

Wata rana da azahar ta kawo masa miya, ya ce miyar ta huce. Ta ce ai da ya tashi da wuri da ya same ta da zafi. Ya ɗauki itacen murhu. Maƙwabta ne suka tsince ta a tsakar gida, ƙugunta a karye. 'Yan sanda suka sake tafiya da shi.

A asibiti aka tambaye ta wa za a kira mata. Ta yi ta tunani. Matan ƙauye babu wadda ba ta taɓa yanka wa magana ba. Daga ƙarshe ta ce tana da jika, shekararta sha biyar yanzu, a nemi Viorica ta ofishin yara.

Bayan kwana uku Viorica ta zo, ita kaɗai. Ta tsaya a gefen gadon da jakarta a hannu, ba ta zauna ba.

"Na kai mata saƙonki, Mama."

"Yaushe za ta zo?"

"Ba za ta zo ba."

"Ni fa kakarta ce. Babu wata takarda da za a cika?"

"Ko an cika, ita za a tambaya."

A gadon kusa da ita, jikokin wata tsohuwa suna ɓare mata lemo suna dariya.

"To me ta ce da kika gaya mata halin da nake ciki?"

"Ta ce in gaya miki ta ji."

"Ba ta ƙara komai ba?"

"Ba ta ƙara ba."

Darasi: Takardar kotu tana iya kai ƙafar yaro wuri, amma ba ta iya kai zuciyarsa. In yaro ya ce yana tsoron wani, ko da ubansa ne, a zauna a saurare shi kafin a ja hannunsa. Kuma wanda ya rufe ido a kan zaluncin nasa don nasa ne, ya sani hannun da yake karewa zai iya juyowa kansa. Ku tura wa iyaye da kakanni wannan labari, wataƙila ya sa a saurari wani yaro yau.