Tsarabar Kurege da Kwandon Daddawa

Sallau, Kuluwa, ku ajiye wayoyin nan ku matso bakin murhu. Kai ma Ɗantala fito daga ɗaki, da kai nake. Na san kun girma kun haifa, amma wanda bai ji tatsuniya da ƙuruciya ba, sai a biya masa ita da gemunsa. Ga ta nan, ga ta nanku. Ban ji amsa ba. Yauwa, ta zo ku ji ta, ku kuma ji ta da kyau.

Wai Kurege ne ya tafi kurmi neman arziki. Uwarsa tsohuwa ce mai daddawa, ita ta yi masa guzuri ta raka shi bakin hanya. Ya yi damina uku. Ran da ya dawo ba akwati, ba ƙunshi, ko sabulu sanda guda bai riƙo wa tsohuwa ba. Haƙarƙarinsa duk a waje. Tsarabarsa ɗaya ce, kalmar Turanci da ya tsinto a bayan wani otal, inda yake kiwon ɓawon burodi.

Ran kasuwa ya fito da yunwarsa. Ya tsaya gaban Biri mai mangwaro, ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya ga ɗan tabo. Ya yamutsa hanci, ya ce, "Nasti."

Biri ya ce, "Me ka ce, ɗan mai daddawa?"

"Na ce nasti. In ba ka je kurmi ba, ba za ka gane ba."

Masu saye suka ja baya. Ba wanda ya san ma'anar, amma kowa ya ga hancin. Rigima ta kai gaban Zaki, sarkin gari.

Zaki ya ce, "Kai Kurege, mene ne wannan nasti?"

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, babbar kalma ce, Hausa guda ba ta ɗaukarta. Abin da ya bugi hanci, nasti ne. Abin da ya ɗaure harshe, nasti. Gyambon da ya ruɓe, nasti. Magana mai ciwo da mai mugun hali, duk nasti. Har ruwan sama, in ya zo da iska ya yaye jinka, can nasti suke ce masa."

"To mu da muke da tir, da ɗoyi, da ƙazanta?"

"Waɗannan na ƙauye ne, Allah ya ja zamaninka. In ka ce tir, abin yana nan zaune yana kallonka. Can kuwa in an ce nasti, ɗauke abin ake a zubar. Kuma duk wanda ya tsaya kusa da nasti bai toshe hanci ba, shi ma nasti ne."

Zaki ya san bakinsa, ya san abin da ya ci jiya. Sai ya kau da kai gefe, ya yi maza ya naɗa Kurege Sarkin Hanci tun kafin a zo kansa. Aka yi shela: abin da Sarkin Hanci ya ce nasti, a kai shi juji, bayan ganuwa.

Kurege kuwa haƙa ce gadonsa. Kafin sati ya zagayo ya haƙa rami ƙarƙashin juji, ɗaki da rumbu.

Sai ya shiga zagaya kasuwa, hannu a baya, hanci a sama. Ya leƙa zumar Zomo, ya ga ƙudan zuma guda ya mutu a ciki. "Nasti. A kai juji." Aka kai juji. Ya leƙa nonon Ɓauna, ya ce ya yi tsami. Ɓauna ta ce, "Nono ai da tsaminsa aka san shi." Ya ce, "Wannan amsar ma nasti ce. A kai juji." Aka kai juji. Ya zo kan gyaɗar Gafiya, ya fasa goma, ya sami ɗaya mai ɗaci. "A kai juji." Aka kai juji, buhu biyu.

In rana ta take, kowa ya nemi inuwa, sai Kurege ya bi ta ƙasa ya janye kayan cikin rumbunsa. Ya ci, ya sha, ya lashe. Haƙarƙari suka ɓace, wuya ya yi kauri, wutsiya ta yi sheƙi.

Jaki ne ke ɗaukar kayan zuwa juji. Wata rana ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce, "Sarkin Hanci, wani abu na ɗaure min kai. Abin da na zuba jiya, yau babu shi. Jujin nan ci yake?"

Kurege ya matso. Ya zagaya bayan Jaki, ya nuna gyambon da kaya suka yi masa.

"Jama'a, ku duba nan."

Jaki ya ce, "Kayanku ne fa suka ci min baya."

"Ban tambayi asalinsa ba. Nasti. A kai bayan gari."

Aka kora Jaki bayan ganuwa da gyambonsa. Kurege ya ce a ransa ya rabu da mai shaida. Ya manta jujin ma a bayan ganuwa yake.

To, Kura ita ce dogariyar sarki, kuma tun da Sarkin Hanci ya ce mushe nasti ne aka hana cinsa a fili take ƙullace da Kurege. Ran wata kasuwa ta biyo shi har layin kayan miya. Ga tsohuwa zaune bayan faifanta, daddawa jere baƙa wuluk, ƙamshinta ko warinta, duk yadda mutum ya kira shi, ya cika layin.

Kura ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Sarkin Hanci, kullum ka zo nan sai ka yi sauri ka wuce. Mura kake yi a wannan layin?"

Zomo ya matso, Ɓauna ta matso, Gafiya ta matso. Kurege ya dubi uwarsa. Ya san wannan warin, a cikinsa aka goya shi. Ya kuma tuna rumbun da ke ƙarƙashin juji, da zumar da bai kai rabinta ba. In ya yi shiru, rawani ya tafi, rumbu ya tafi.

Tsohuwa ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, faɗi abin da hancinka ya gaya maka."

Ya toshe hanci da yatsu biyu. "Nasti."

Kura ta ce, "Daddawar kaɗai? Mai ita fa? Zanenta ma haka yake, hannunta ma haka."

Kurege bai ɗaga kai ba. "Doka ba ta da uwa. A kai bayan gari."

Tsohuwa ta miƙe, ta kakkaɓe zani. Ta ce, "Warin nan ne ya yi maka guzuri." Ta ɗauki tukunyarta da kwandonta da ɗan ragowar kalwa, 'ya'yan ɗorawar da ake daddawa da su, ta fita ta ƙofar gari. Ta yi bukka gindin wata ɗorawa.

Gari ya shiga shan miya lami. A kaɗa kuka, salam. A kaɗa kuɓewa, salam. Kowa ya san abin da babu, ba mai iya faɗa, don mai kewar nasti ai an san sunansa. Zaki ya riƙa ture akushi yana marin fadawa ba dalili.

Ana nan, Jaki na kiwo gefen juji, sai ƙafarsa ta burma. Ya ja, ta fito da zuma. Ya sake takawa, ƙasa ta rufta, ga gyaɗa, ga ƙoren nono, ga ƙwallayen mangwaro tsibi, ga Sarkin Hanci kwance a tsakiya yana barcin ƙoshi. Jaki ya ɓarke da kuka har sai da gari duka ya fito.

Zaki ya ce, "Kura, kawo min shi. Wutsiyarsa nake so, sauran naki ne. Kai kuma Jaki, an yafe maka, ka dawo gari."

Kurege ya zura da gudu. Ya nufi raminsa, rami ya rufta. Ya gwada wani tsohon rami, ƙiba ta hana shi shiga. Ya duba gabas ya duba yamma, gari duk maƙiya. Sai ya hango hayaƙi gindin ɗorawa.

Ya tarar da tsohuwa zaune gefen kwando. Ta dafa kalwarta, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta juye a kwando ta lulluɓe da ganye da buhu. Kun dai san ƙa'ida, kun tashi kun gani: kwana uku ba a buɗewa. In ta sha iska kafin lokaci, ta tashi daga aiki.

"Inna, ɓoye ni. Kura na tafe."

"A ina? Bukka ce, ko ƙofa babu."

"Cikin kwandon."

"Yau kwananta biyu, saura ɗaya. Ita ce kalwata ta ƙarshe, ɗorawa ba ta sake 'ya'ya sai baɗi. In na buɗe, me zan ci?"

"Inna, kalwa ko ɗa?"

Ta dube shi, ta dubi wuyan nan mai kauri. Ga ƙurar masu bi ta taso. Ta sa hannu ta ɗaga buhu, ta ɗaga ganye. Tururi ya tashi ya tafi. Kurege ya nutsa ciki har kunne, ta mayar da rufi.

Daga ciki ya yi raɗa. "Inna, kada ki hana su. Ki ce su buɗe, amma ki tambayi wa zai fara."

Sai ga Kura, ga Jaki, ga Biri, ga rabin gari.

Kura ta ce, "Tsohuwa, ina ɗanki?"

"Wane ɗa? Doka ba ta da uwa, a gabanki aka faɗa."

"Sawunsa nan ya ƙare. Me ke cikin kwandon?"

"Abin da kuka koro ni a kansa. Ga shi nan, ku buɗe. Sai dai mai buɗewa ya zo ya durƙusa ya sa hanci, jama'a su shaida wanda ya iya jurewa."

An kama Sarkin Hanci da sata, amma ba wanda ya tuna ya soke dokarsa. Warin ya kai wa Kura, yawu ya tsinke mata, ta yi maza ta haɗiye ta toshe hanci. Ta ce, "Biri, kai ne mai yatsu."

Biri ya ce, "Ke ce dogariya."

Suka waiwayi Jaki. Jaki kuwa, da yau ɗin nan aka ce ya dawo gari, ya fi kowa nisa, ya cusa hanci cikin ciyawa.

Kura ta tofar da yawu. "Nasti. Ko Kurege ba zai shiga nan ba." Suka juya. Biri ya ɗan tsaya baya, ya yi ƙasa da murya: "Iya, in ta yi, a ajiye min ta kwabo, a ƙunshe ta da kyau." Tsohuwa ba ta ko dube shi ba.

Da sawu ya ɗauke ta buɗe. Kurege ya fito yana yauƙi. Kalwa ta sha iska, ta sha tattaki, ga gashi ko'ina, ko kaji ba za su ci ba. Tsohuwa ta ɗauki kwando ta kife a bayan bukka.

Kurege ya shinshina hannunsa, ya shinshina wutsiya. Ya ce, "Inna, gaskiya dai abin nan naki nasti ne. Akwai abin taɓawa?"

Ta miƙa masa ɗan tuwon da ta ajiye wa kanta. Ya gutsura, ya dangwala miya, ya kai baki. Ya tauna, ya ɓata fuska.

"Inna, miyar nan lami ce. Ba ki sa daddawa ba?"

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a gona, sai ya miƙe tsaye ya kai hannu hanci, sannan ya tone gyaɗar mutane.

Ƙurunƙus kan kurege, wutsiyarsa kuma na bar wa mai so. Darasinta shi ne, duk wadda ta haifi kurege ta riƙa dafa kalwa kwando biyu.

To Sallau, kai ne babba. Kuluwa, ke ma kin ji. Wata bakwai ke nan ƙaninku ya dawo daga kurmi yana cin tuwon gidan nan. Shekaranjiya ya yi baƙi, a gabansu ya nuna kwandona ya faɗi kalmar nan, ya ce a fitar da shi bayan gida. Ban tanka ba, saboda baƙi. Ga kwandon can, gobe ne kwanansa uku. Ga Ɗantala nan zaune. Gidan nan ya yi wa su biyun kaɗan. Ku yanke min kafin na sauke tukunyar nan: wanne za a fitar?