Ƙararrawar da Buba Ya Ɗaura wa Birinya

Yabo ya tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu baki ɗaya. Shehinmu, Allah Ya ƙara masa kusanci, malami ne mai zurfin fiƙihu da tsantseni, wanda ya zaɓi zama a wani ƙauye a bakin dajin Falgore alhali manyan zaurukan birni suna nemansa, kuma duk daɗewar da na yi ina karatu a gabansa ban taɓa ganin ya murƙushe ko tururuwar da ta hau buzunsa ba.

Wata damina birai suka addabi gonar Buba, wani makiyayi mai ɗan noma, har masarar da iyalinsa za su ci ta kusa ƙarewa a tsaye. Ni dai ban ga laifinsa da ya fusata ba. Sai ya kama birinya a tarko, ya ɗaura mata ƙararrawa a wuya da waya, ya sake ta. Duk inda ta nufi 'yan'uwanta sai ƙarar ta firgita su su watse, ta bi su, su ƙara gudu. Gona ta huta, Buba har yana ba da labari a kasuwa ana dariya. Abin da bai lura da shi ba shi ne birinyar shayarwa take yi, kuma ɗanta yana cikin masu gudunta.

Ba a jima ba jaririyarsa Dije ta ƙi kama nono. Uwarta Furera ta sha jiƙe-jiƙe, an je asibiti ba a ga ciwo ba, yarinya kuwa sai ƙanƙancewa take, kukan ma ya daina fita. Buba ya zo zaure ya durƙusa, idonsa jawur.

"Allah Ya gafarta Malam, a taimake ni da rubutu. Yarinyar nan tafiya za ta yi."

Shehu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Buba, ƙararrawar da nake ji tana yawo a daji, a wuyan wa take?" Buba ya sunkuyar da kai. Shehu ya ce, "Ba mu kaɗai Allah Ya ba 'ya'ya ba. Tashi mu je."

Da hantsi muka isa bakin daji, Shehu ya shimfiɗa buzu a gindin ɗorawa ya yi sallar walaha, kuma bai shafa addu'a ba sai ga ƙarar tana matsowa. Birinyar ta fito a rame, waya ta ci wuyanta, nononta ya cika yana ɗiga, ta zo gabansa ta zauna. Wallahi na kasa riƙe hawaye.

Shehu ya ce, "Hannun da ya ɗaura shi zai kwance."

Buba ya kwance wayar, ba ta cije shi ba. Shehu ya zuba mata ruwan butarsa a ciwon, ta juya ta tafi shiru, sai ga ɗan mitsitsin biri ya sauko daga reshe ya maƙale a ƙirjinta.

"Kunyoyin da ke bakin daji ka bar wa birai," in ji Shehu. "Sauran naka ne."

Da muka koma, Buba bai ko yi sallama ba ya faɗa gida. Ya tarar da Furera zaune a tsakar gida tana kuka ba ta motsi, don kada ta katse wa Dije shan nonon da take yi. Birai kuwa ba su ƙara wuce kunyoyinsu ba.

Tsarki ya tabbata ga Mai jin kukan da mu ba ma ji. Allah Ya saka wa Shehu da mafificin alheri, Ya ba mu albarkacinsa, Ya ji ƙanmu kamar yadda Ya ji ƙan iyayen nan biyu. Amin.