Ruwan Mijinta

Akwai wata mata da har yau take tuna ranar da ta fara ganin mijinta. Ya turo kurar ruwa ƙofar gidansu, gumi na zuba, ta riƙe masa mazurari yana juye jarka. Rabin ruwan a ƙafarta ya ƙare, don ba randar yake kallo ba.

Suka yi aure, suka haifi yarinya, yana kiranta 'Yar Baba.

Wata rana maƙwabciyarsu, tsohuwar ungozoma, ta ga yarinyar tana kurɓar ruwa daga moɗa. Ta ce wa uwar ruwa kan yi garau alhali da cuta a ciki, ta riƙa tafasa na sha, ko ta ɗiga maganin tace ruwa, ba shi da tsada, sannan ta rufe randar.

Matar ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Idan aka ga matar mai ruwa tana tafasa ruwan mijinta, wa zai ƙara saya? Ta ce, "Inna, mu da muka girma a kansa ga mu nan garau." Ko mijin ba ta gaya wa ba.

Da damina ta sauka, gudawa da amai suka kama 'Yar Baba. Idanunta suka faɗa, ko kuka ta kasa. A asibiti aka ɗaura mata ƙarin ruwa, ma'aikaciyar jinya ta tambayi irin ruwan da suke sha.

A barandar asibitin ta faɗa wa mijin maganar ungozoma, da dalilin da ya sa ta ƙi. Ya kalli kantar hannunsa.

"Ni turowa kawai nake yi, ban san abin da ke gangarawa cikin rijiyar da nake ɗebowa ba," in ji shi. "Kurata kika kare, kika bar 'yata?"

Ta koma ɗakin da aka kwantar da 'Yar Baba. Yarinyar ta motsa busassun leɓɓanta, da ƙyar ta ce, "Mama, ruwa."

Uwar ta kama ɗan hannunta. "In Allah ya tashi kafaɗunki, a tsakar gida zan riƙa tafasa shi, kowa ya gani. Na yi miki alkawari."

Darasi: Kunyar idon mutane ba ta kai ran ɗanka ba. A tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, a rufe shi. Ku tura wa duk uwar da kuka sani.