Tunkiyar Kan Tsauni da Ranar Bazara

Ga ta nan, ga ta nanku, masu zufa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso, amma kada wanda ya jingina da ni, zafin nan ya ishe ni. Lantana, karɓi maficin nan ki yi aiki.

A wani gari akwai Farin Dutse a hayin kogi. Ba a iya zuwa wurinsa sai da bazara, in kogi ya ƙafe ya zama rairayi. Lokacin nan baƙi suke tururuwa daga nesa don su gan shi. 'Yan garin kuwa sun san halin ranarsu. Da sanyin asuba suke raka baƙi, kafin hantsi sun dawo, kowa ya shige inuwa sai la'asar.

Gizo ma cewa yake shi mai rakiyar baƙi ne, amma barci ya hana shi. Kullum sai an je an dawo yake fitowa yana miƙa.

Ran nan sai ga Tunkiya ta sauko daga kan tsauni, ƙasar sanyi, inda ko da bazara sai an rufa. Gashi jibge a jikinta kamar ta yafa bargo, ɗanta Jatau yana biye. Ta makara, masu rakiya duk sun shige. Tana ɗauke da gorar ruwa da ƙwaryar zuma, tukuicin wanda zai raka ta. Gizo ya hangi zuma, yawunsa ya tsinke.

Ya tare ta da fara'a, ya ce ai ta zo a daidai, tsakar rana ne dutsen ya fi walƙiya, masu zuwa da asuba ba abin da suke gani. Ya karɓi gora, wai baƙo ba ya ɗaukar kaya. Daga nan ya lallaɓa ya shige ƙarƙashin cikinta, ya maƙale a gashi inda inuwa take, ya ce daga can ya fi ganin hanya.

Abu biyu suka ɗaure wa Tunkiya baki. Baƙuwa ce, tana jin kunyar ta yi ƙorafi a garin mutane. Jatau kuma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle a ga tana tausayinsa a gaban jama'a. "Yaron nan" take ce masa.

Suka kama hanya, rana kamar ta sauko ƙasa. Suka iske Ƙadangare a ƙarƙashin wani ɗan dutse, ya leƙo da kai kawai.

Ya ce, "Baƙuwa, ina gajiya?"

Ta ce, "Ba gajiya."

Ya ce ko shi da ya saba shan rana ya ɓuya, su tsaya yaron nan ya huta. Tunkiya ta kau da kai ta ce a ƙyale shi, shagwaɓa ce. Gizo daga ƙasa, da tsamin bakinsa, ya ce, "Sauya kaɗan." Ya kafa gora a baki ya kurɓa.

Suka yi gaba. Jatau ya fara haki, ya daina tsalle-tsallensa. Suka iske Kurciya a cikin tsamiya, ta buɗe baki ta saki fukafukai.

Ta ce, "Baƙuwa, ina gajiya?"

Ta ce, "Ba gajiya."

Kurciya ta ce ta dubi ɗanta, tafiyarsa ta karkace, a ba shi ruwa. Tunkiya ta saci kallonsa, amma bakinta ya ce yarinta ce. Gizo ya ce, "Sauya kaɗan." Ya sake kurɓa.

Ni dai duk sanda na zo nan raina ɓaci yake, domin uwar tana gani.

Suka isa bakin kogi, suka iske Jaki a gindin gawo, ko jela ba ya kaɗawa.

Ya ce, "Baƙuwa, ina gajiya?"

Da ƙyar ta ce, "Ba gajiya."

Jaki ya ce rairayin nan yanzu gasa ƙwai yake, kada ta shiga da yaro. Jatau ya ce, "Inna, kaina yana juyawa." Ta ji har cikin ranta, amma ga idon Jaki a kanta, sai ta ce ya yi shiru ya wuce. Gizo ya ce, "Sauya kaɗan." Ya shanye ragowar.

Suka shiga rairayi. Sama wuta, ƙasa wuta, ba ko ɗan ciyawar da za a raɓa. Suna tsakiya sai Tunkiya ta daina jin takun ɗanta. Ta waiga, ga Jatau a kwance, harshe waje, ido ya juye, ko kuka ba ya yi.

Ta ce Gizo ya miƙo gora. Ya yi ta kame-kame. Ta fizge, ta girgiza, ba ko ɗigo.

Nan kunya ta bar ta. Ta tsaya a kansa ta yi masa inuwa da jikinta, ta kwarma ihu, "Jatau! Jatau, ɗana! Jama'a ku taimake ni, mun gaji, ƙishi zai kashe shi!"

Jaki ya ji, ya sheƙo. Suka ja shi zuwa gindin gawo. Ƙadangare da Kurciya ma suka iso, Ƙadangare ya nuna inda rairayi yake da danshi, Jaki ya yi ta tono da ƙofato har ruwa ya tsattsafo. Tunkiya ta so ta ɗura masa gaba ɗaya, Kurciya ta hana. Ta ce a jiƙa masa kai da wuya tukuna, a riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan. Ita kuma ta tsaya tana yi masa fifita da fukafukai.

Azahar ta wuce, bai motsa ba. Tunkiya tana lasar fuskarsa tana kiran sunan nan da ta daɗe tana ɓoyewa. Inuwar gawo ta juya, suka sake jan sa. Sai wajen la'asar kunnensa ɗaya ya kaɗa. Ya buɗe ido ya ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Tunkiya ta fashe da kuka. Aka ce ta kwana ta ga dutse da asuba, ta ce ta yafe, ta ga abin da ya fi shi. Ta raba musu zuma.

Gizo fa? Duk wannan abu yana maƙale a gashi, yana jiran zuma. Tunkiya ta koma tsakiyar rairayi ta girgiza jiki, ya faɗo tim. Ya ɗaga wannan ƙafa, waccan ta ƙone, ya ɗaga waccan, wannan ta ƙone. Da gudu ya shige gari ya haye kusurwar ɗaki, har yau can yake zaune. Tumaki kuwa, ku duba in rana ta take, za ku ga sun haɗa kai, kowace ta cusa kanta a inuwar 'yar'uwarta. Tun ranar suka koya.

To kun ji. Rana ba ta san baƙo ba, ba ta san kawaici ba. In ka je garin mutane ka bi lokacin da suke bi, kada ka damƙa ruwanka ga mai daɗin baki, in kuma ka gaji ka ce ka gaji. Da kai nake, Barau, mai ƙwallo da azahar ba hula.

Ƙungurus kan ɗan kusu. Kowa ya biya ta randa kafin ya kwanta.