Ranar da Alhaji Mala Ya Juya wa Likita Baya

Alhaji Mala mai sayar da huluna ne a Yakasai, jikan Barebari, mutum mai girman kan tsiya. Bayan sojoji sun koma bariki ya tsunduma siyasa, a kwana a tashi har ya fito takarar kansila. Ana tsakiyar kamfen fitsari ya fara yi masa gardama. Sai ya daɗe a tsugune, ɗigo-ɗigo, wani lokacin da jini.

Yayarsa Hajiya Uwani ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Da sakamakon gwajin jini ya fito, likita ya ce, "Alhaji, akwai wata tsoka ƙarƙashin mafitsara da nake zargi. Za mu yi maka sikanin ta dubura. Na'urar tana nuna inda naman ya yi tauri, sai mu ɗebi kaɗan daga wurin a duba ko ciwon daji ne. In an kama shi da wuri ana maganinsa."

Alhaji ya miƙe a fusace. "Ta ina? Ni? Gobe 'yan adawa su ji, su sa ni a waƙa?" Ya fice ko sallama babu.

Uwani ta bi shi har gida tana huci. "Mala, kunyar wa kake ji? Ni na yi maka tsarki kana jariri! Ƙuri'a ce za ta yi maka fitsarin?"

"Yaya, bari a gama zaɓe."

Ya ci zaɓe. Sai ya ce a bari a rantsar da shi. Daga nan ya koma shan jiƙe-jiƙe a ɓoye. Ciwon baya ya shigo, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Ranar da aka cicciɓe shi aka mayar asibiti, hoto ya nuna tsokar ta ƙanƙare kamar dutse, dajin kuma ya shiga ƙashi. Bai ga damina ba.

A zaman makoki Uwani ta jiyo 'yan jam'iyya a soro suna raɗar wanda zai gaji kujerar. Ta fito ko mayafi babu. "Ku tashi ku bar gidan nan! Marayunsa na ciki suna kuka, ku kuna rabon kujera!"

Darasi: ajali na Allah ne, amma neman magani wajibinmu ne. Ya kai magidanci, in fitsari ya canja maka, je ka a duba ka tun da wuri. Kwanciya gaban likita ba ta rage wa namiji daraja. Mutanen da kake jin kunyarsu ba su za su riƙe maka iyali ba.