Dodon Dutsen Kargo Mai Kunnen Jaki

Dalilin da ya sa dabbar nan da aka sassaƙa a jikin dutsen Kargo take da kunnen jaki, ku tsaya nan inuwa in faɗa muku. Kai Sallau, sauko daga kan dutsen mutane, ba gadon gidanku ba ne. Ku dube ta da kyau: ga geza irin ta zaki, ga ƙaho, ga jelar kada, sai kuma wannan kunne zaƙwal mai tsaga biyu.

A zamanin da, mutanen Kargo suna da al'ada. Duk maharbin da ya kashe babbar dabba, sai a sassaƙa ta a duwatsun bakin hanyar nan. In Sarkin Baka ya mutu, wanda dabbarsa ta fi ban tsoro shi ake naɗawa. Amma masassaƙi ba ya taɓa dutse sai an kawo masa wani yanki na jikin dabbar ya gani.

To akwai wani maharbi, Korau, bakinsa ya fi bakansa aiki. Sarautar nan yake so kamar ransa, ga shi bai taɓa kashe abin da ya wuce zomo ba. Wata rana da hantsi yana cikin gamba sai ya ji motsi. Tsoro ya kama shi, ya rufe ido ya saki kibiya. Da ya buɗe ido, sai ga jakin Iya Dela mai daddawa a kwance, ya mutu. Korau ya waiga hagu ya waiga dama, ya yanke kunne ɗaya, ya tura sauran cikin kwazazzabo, ya shigo gari yana kirari wai ya kashe dodo.

Aka rako shi wurin Cindo masassaƙi. Cindo ya juya kunnen nan ya ce, "Korau, wannan kamar na san irinsa."

"Ina ka san shi? Ka taɓa shiga daji?"

"To yaya kansa yake?"

"Geza har ƙasa!"

"Yana da ƙaho?"

Korau ya ga jama'a sun zuba masa ido, ya ce, "Ƙwarai kuwa. Jelarsa ma irin ta kada ce, da ita ya so ya make ni."

Cindo mutum ne da ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da aka faɗa masa ya sassaƙa yadda aka faɗa, kunnen kuwa da yake yana hannunsa, ya fitar da shi tsaf har da tsagar.

Ba a daɗe ba Sarkin Baka ya mutu, aka ce Korau za a naɗa. Ranar naɗi gari ya taru a nan inda kuke zaune, ana ta kiɗan maharba. Sai ga Iya Dela tafe da kwandon daddawa a ka, tana haki, don tun ɓatan jakinta ita ke dakon kayanta. Ta tsaya ta ƙura wa dutsen ido, ta sauke kwando.

"Wayyo Goho!" ta ce. "Wa ya sa maka ƙaho?"

Korau ya ce, "Iya, matsa, dodo ne."

"Dodon gidanku! Tsagar nan ni na yi ta da wuƙar yankan kuɓewata, yana ɗan jaki. Ta biyun ma karkatacciya ce, don ya harbe ni a gwiwa. Ga tabon!"

Makaɗa suka tsaya. Aka duba tsaga, aka duba gwiwa, sai dariya ta ɓarke, har Cindo ya yar da gudumarsa. Korau ya roƙi a kankare dutsen, dattawa suka ce abin da aka sassaƙa ba a kankarewa. Sarauta ta tafi wurin wani. Shi kuwa aka yanke masa hukunci ya maye gurbin Goho: duk ranar kasuwa shi zai ɗauki daddawar Iya Dela. Ni dai na tausaya masa kaɗan, don hanyar da nisa, daddawa kuma kun san ƙamshinta. In sun iso nan, tsohuwar takan sa shi ya tsaya ta gaisa da jakinta.

Shi ya sa har yau dodon Kargo yake da kunnen jaki, mata masu kaya suke hutawa a gindinsa, maharba kuwa in sun zo wucewa sai su sunkuyar da kai su ƙara sauri. Ku tashi mu tafi. Sallau, tunda ɗazu ka ce ka taɓa korar kura, ɗauki kwandon nan.