Rumbun Barewa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

Giwa ta ji dangin Barewa suna ƙarewa, sai ta ce duk sanda suka ragu za ta ƙaro tallafin abinci. Ta naɗa Kura mai gadinsu, ta ba ta kaso a cikin abincin. Kura kuwa ta shiga cinye 'ya'yan Barewa don kason ya ƙaru.

Barewa ta je wurin Giwa tana kuka. "Ranki ya daɗe, 'ya'yana sun kusa ƙarewa!"

Giwa ta share ƙwalla. "Wayyo! A ninka musu abincin."

"Mai gadin nake so a sauya."

"Haba Barewa, wa ya kai Kura damuwa da ku?"

Barewa ta koma ta tarar da rumbu cike, ba ɗa ko ɗaya. Kura na bakin ƙofa tana kallon wuyanta.

Ƙurunƙus kan ɓera, nan ta tsaya.